Kafin ka sayi injin kofi ko na girki mai aiki da kansa: yadda ake zaɓa, a kafa shi, a kula da shi

Bidiyon hannun ƙarfe yana haɗa kofi ko yana tsamo dankali daga mai yanzu ya cika wayoyin mutane, kuma duk inda aka kalla sai kaji mai gidan abinci ko mai shayi yana tambaya nawa ne, a ina ake samu, zai yi aiki a nan kuwa. Tambayar tana kan hanya, domin duk mai sana'ar abinci ya san wahalar aikin da ake maimaitawa tun asuba har dare, ga yaran shago yau suna nan gobe sun tafi, ga kwastoma ba ya son jira. Amma fa shawarata ɗaya ce tun daga farko: kar ka nemi injin da zai yi maka komai, ka nemi wanda zai ɗauke maka aiki guda ɗaya tak, wanda ya fi cin lokaci kuma kullum iri ɗaya ake yinsa, sannan ka tabbata kana da wuta da ruwa da mai gyaran da za su riƙe shi.

Dalilin da yasa na dage a kan wannan shi ne abin da ya faru da waɗanda suka riga kowa shiga harkar a Amurka, masu jari na gaske. Kamfanin Zume na Kalifoniya ya fito da tsarin da mutum-mutumi zai shafa miya a kan fiza ya tura ta tanda, a ƙarasa gasawa a cikin mota ana kan hanyar kai wa mai oda, har kamfanin zuba jari na Japan mai suna SoftBank ya zuba musu dala miliyan 375 a 2018, amma a farkon 2020 suka daina fiza gaba ɗaya, a 2023 kamfanin ya rufe. Shi kuma Flippy na kamfanin Miso Robotics, hannun nan mai juya nama, an kafa shi a wani gidan baga na CaliBurger a Pasadena a watan Maris na 2018, kwana ɗaya ya yi aka dakatar da shi na wani lokaci saboda mutanen da ke gefensa masu jera nama da haɗa burodi ba su saba da tafiyarsa ba, ga jama'a sun yi yawa. Daga baya sai masu shi suka karkata zuwa aiki guda, wato suya a mai, ya tsoma kwando ya girgiza ya ɗaga idan lokaci ya yi, kuma a nan ne gidajen baga na White Castle suka fara ɗaukarsa a 2020. Café X ma da ya buɗe rumfar kofi mai hannun ƙarfe a San Faransisko a 2017, a 2020 ya rufe rumfunansa na cikin gari ya koma filayen jirgin sama inda mutane ke sauri ba sa neman hira da kowa. Kaga dai inda zancen ya nufa, wanda ya taƙaita aikin shi ne ya ɗore.

Mataki na farko ba ya cin ko sisi

Ka samu littafi da biro ka zauna a shagonka kamar baƙo, sati guda, ka rubuta inda layi yake taruwa. Ba inda kake zato ba, inda idonka ya gani. Wani zai tarar matsalarsa yankan albasa da markaɗe ne da safe, wata za ta tarar shinkafa ce ke ƙonewa duk sanda aka bar yarinya da ita, mai shayi kuma wataƙila ruwan zafi ne ke yanke masa a daidai lokacin da mutane suka fito daga masallaci. Aikin da ya dace da inji yana da alamomi: ana yinsa sau da yawa a rana, ba ya canzawa daga kwastoma zuwa kwastoma, kuma ana iya auna shi da lokaci ko zafi ko nauyi. Aikin da ke buƙatar ɗanɗano da ido, irin gane cewa miya ta soyu ko tsire ya yi, wannan ka bar shi a hannun mutum. Ko Spyce, gidan abincin da wasu ɗaliban jami'ar MIT suka buɗe a Boston a 2018 mai tukwane masu juya kansu, mutane ne ke yanka kayan miya su cika wa injin, mutane ne kuma ke ƙarasa kwanon kafin a miƙa, daga baya a 2021 masu gidajen abinci na Sweetgreen suka saye shi.

Kuma mu ma ai ba baƙi ba ne a wannan harka. Injin markaɗe da na niƙa sun daɗe da karɓe aikin dutse da turmi, masu fura a birane da yawa sun koma bilenda maimakon dama da ludayi, akwai injin sakwara, a Gana ga injin fufu. Tukunyar shinkafa ta lantarki da Toshiba suka fitar a Japan a 1955 ita ma inji ce mai yanke hukunci da kanta: muddin akwai ruwa a ciki zafin ba ya wuce digiri 100, da ruwan ya ƙare zafin ya haura sai makunnin ya ɗaga ta kashe kanta. Yawancin masu ƙaramin jari irin waɗannan ne za su fi yi musu amfani, ba hannun ƙarfe mai kyamara ba.

Sai lissafi, kuma a yi shi da gaskiya

Kuɗin injin shi ne kaɗan daga cikin abin da zaka kashe. Ka haɗa da kuɗin dako da kwastan idan daga waje ne, da wuta ko man janareta na wata, da filta da maganin wanki, da abin da mai gyara zai karɓa, sannan ka cire wannan daga ƙarin ribar da kake sa ran samu. A ce injin ya tsaya maka naira miliyan 1, kuma bayan ka cire komai yana bar maka ƙarin naira 4,000 a rana, toh kwana 250 na ciniki kafin jarinka ya dawo, kuma a cikin kwanakin nan ba a sa ranar da babu wuta ko ranar da ya lalace ba. Idan lissafin ya kai ka shekara biyu ko uku, ni dai ina ganin ka dakata tukuna.

Maganar wuta

Wannan shi ke kashe injuna a wurinmu fiye da komai. Farko ka juya injin ka karanta ɗan allon da ke baya ko ƙasa. Wutar Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru duk tsakanin bolt 220 zuwa 230 take, ta Amurka kuwa 120 ce, saboda haka injin da aka kwaso na hannu daga Amurka idan ka jona shi kai tsaye ya tafi kenan, sai da tiransifoma mai ƙarfin da ya fi abin da injin ke ja. Na Turai da Ingila da Dubai su ne suka dace da mu. Na biyu ka duba wat. Injin kofi na gida mai niƙa da kansa yana jan wajen wat 1,400 zuwa 1,500 lokacin da yake ɗumama ruwa, ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauke shi ba ko kusa, manyan na gidan kofi masu baki biyu kuwa sukan haura wat 3,000, waɗannan layinsu daban ake ja musu. Idan sola da inbata zaka yi amfani da su, ka gaya wa mai haɗawa cewa akwai abin da ke ɗumama ruwa, domin lissafinsa daban ne da na fanka da ƙwan fitila. Ka sa stabilaiza ko abin kariya daga hauhawar wuta, sabida akwai ɗan allon kwamfuta a cikin injin wanda dawowar NEPA da ƙarfi sau ɗaya ya isa ya ƙone shi, kuma dan Allah a tabbata akwai wayar ƙasa a soket ɗin, ruwa ne da ƙarfe da hannun ɗan mutane a wuri ɗaya.

Yanzu injin kofin kansa

Iri uku zaka fi haɗuwa da su. Akwai mai kafsul, wato ɗan ƙoƙon garin kofi a rufe, irin Nespresso, wanda Nestlé suka fito da shi a 1986, shi ne mafi sauƙi, ka jefa kafsul ka danna, amma kowane kofi yana zuwa da tsada kuma ka ɗaure kanka da samun kafsul ɗin, ya fi dacewa da ofis ko ɗakin otal. Akwai mai gari, wanda ake cika masa garin kofi da madarar gari da sukari a gwangwanaye daban-daban shi kuma ya haɗa da ruwan zafi, ɗanɗanonsa irin na Nescafé ɗin da mutanenmu suka saba ne, ba ya buƙatar firji, kuma a ganina ga wurin da jama'a ke yawa irin tasha ko asibiti ko makaranta shi ya fi kama hankali, matsalarsa kawai da damina garin yana dunƙulewa idan ba a rufe da kyau ba. Na uku shi ne mai niƙa ƙwayar kofi da kansa, irin na Saeco da De'Longhi da Jura da Philips, wanda Saeco na Italiya suka fara kawo irinsa cikin gidaje a 1985, kuma shi zan fi tsayawa a kai domin shi mutane suka fi saya su ajiye bayan wata uku suna cewa ya lalace.

Abin da ke faruwa a cikinsa idan ka danna maɓalli: injin niƙa ya niƙa ƙwaya daidai kofi ɗaya, garin ya faɗa cikin wani ɗan akwati, fistin ya danne shi ya zama dunƙule, famfo ya turo ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96 da matsi ta cikinsa, kofi ya zubo, sannan a ture dunƙulen ya faɗa kwandon shara na ciki. Hannun ƙarfen nan da kake gani a bidiyon Café X ba shi ke haɗa kofin ba ma, irin wannan injin ne a bayansa, aikin hannun ɗaukar kofi da miƙawa.

Ranar da ka kafa shi ka bar masa sarari ta baya da gefe ya sha iska, nesa da murhu, nesa da taga saboda ƙurar hunturu. Ka cika tanki, ka bar ruwa ya zaga, kofunan farko biyu ko uku a zubar. Sai saitin niƙa, kuma a nan ake yawan kuskure: dabaran saitin nan da ke cikin ma'ajin ƙwaya a yawancin injuna ana juya shi ne lokacin da injin niƙan ke aiki, mataki ɗaya kawai, sannan ka haɗa kofi biyu ko uku kafin ka ji bambanci, ba wai ka murɗa shi har ƙarshe yana tsaye ba. Harshenka shi ne ma'auni. Idan kofin ya zubo da gudu, ya yi tsami ya yi salam, garin ya yi tsaki, ka ƙara laushi. Idan yana ɗiga da ƙyar, ya yi ɗaci har da ƙauri, ya yi laushi da yawa, ka koma baya. A injin hannu na gidan kofi abin da aka saba bi shi ne giram 18 na gari ya ba da giram 36 na kofi cikin sakan 25 zuwa 30, masu niƙa da kansu sun fi haka sauri kuma garinsu bai kai haka ba, saboda haka kar ka wahalar da kanka da agogo, ka bi ɗanɗano, idan ka samu wanda kwastomominka ke so ka rubuta lambar saitin ka manna a bango.

Ƙwayar da zaka zuba ma da magana. Ka guji wadda aka gasa ta yi baƙi ƙirin tana sheƙin mai, da wadda aka shafa wa sukari ko ƙamshi, man nan yana liƙewa a haƙoran niƙa har su toshe. Matsakaiciyar gashi, busasshiya, ita ce daidai. Idan na gida zaka saya, ana noma kofi a tsaunin Mambila a Taraba, Kamaru ma tana da shi sosai, amma ka zuba a faranti ka tsince tukuna, tsakuwa ɗaya ta isa ta fasa injin niƙa. Kar a zuba citta ko kanumfari a cikin ma'ajin ƙwaya don ana son gahawa mai yaji, a haɗa su a kofi bayan ya zubo. Kuma ɗan ramin nan da ake zuba niƙaƙƙen kofi, na garin ƙwaya ne kawai, idan yaro ya zuba Nescafé a ciki narkewa zai yi ya zama danƙo ya liƙe komai.

Wanki, wanda shi ne rabin aikin

Duk wanda ya ce maka inji ya raba ka da aiki bai gaya maka gaskiya duka ba, aikin ne ya canza, daga haɗawa ya koma wankewa. Kullum kafin a tashi a zubar da dunƙulen gari a wanke kwandon, a zubar da ruwan faranti na ƙasa, a canza ruwan tanki. Ka cire kwandon ne injin yana kunne, domin da yawansu ƙirga kofuna suke, idan a kashe ka cire ba su san an zubar ba sai su ci gaba da nuna ya cika. Jiƙaƙƙen gari a wuri mai ɗumi cikin 'yan kwanaki yake yin fumfuna, kuma kyankyaso yana matuƙar son cikin injin nan saboda ɗumi da laima, idan ya samu shiga har allon wuta yake kaiwa.

Duk sati a buɗe ƙofar gefe a zaro akwatin da ke danne gari, a ɗauraye da ruwa mai ɗumi ba sabulu, a bar shi ya bushe a mayar, lokaci-lokaci kuma a shafa masa man girishi na musamman na kayan abinci, ba na mota ba. Na Philips da Saeco da De'Longhi suna ciruwa, na Jura ba ya ciruwa, shi ƙwayar wanki ake jefa masa idan ya nema, toh ka tambayi kanka tun kafin saye ko zaka riƙa samun ƙwayar wankin nan a garinku.

Madara ita ce wurin da ba wasa, domin nan lafiyar mutane ce. Bututun madara kamar ƙwaryar mai nono ne, ba ya kwana ba wanki. Bayan kowane amfani a tura ruwan zafi ta ciki, da dare a warware shi ɓangare-ɓangare a wanke. Ita madarar ta zauna a firji ƙasa da digiri 5, tsakanin 5 da 60 nan ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri, kuma a zafinmu na bazara ba ta daɗewa a waje. Idan ba ka da firjin da zaka dogara da shi yini guda, ka haƙura da madarar ruwa ka tsaya a ta gari.

Sai ruwa. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da nauyi, shi ne farin abin nan da kake gani ya kama gindin buta, kuma haka yake taruwa a siraran bututun injin har ruwa ya daina wucewa ko kofi ya riƙa fitowa da sanyi. Yawancin sababbin injuna suna zuwa da 'yar takardar gwaji, ka tsoma a ruwanka ka ga layi nawa suka canza launi ka shigar da lambar a saiti, daga nan shi injin zai riƙa tuna maka lokacin wanke farin abin da ya taru. Idan fitilar ta kama kar a ce sai gobe. A yi amfani da maganin da kamfanin ya ce, a ƙyale binega, wato ruwan khal, duk da ana yawan ba da shawararta, masu ƙera injunan da yawa sun hana saboda tana cin roba kuma warinta yana daɗewa. Tataccen ruwa ko filta a tanki yana rage maka wannan wahala sosai.

Injunan girki, a gurguje

Ƙa'idar ɗaya ce. Tukunyar shinkafa babba, tukunyar matsi mai agogo don wake da ganda, abin suya mai riƙe zafin mai a daidai digiri 170 zuwa 180, injin kwaɓa fulawa, injin yanka albasa da dankali, duk waɗannan suna biyan kansu da wuri idan cinikin ya kai. Wasu ma ba sai an shigo da su ba, maƙeran Panteka a Kaduna da irinsu a wasu garuruwa suna ƙera injunan sarrafa abinci, kuma amfanin na gida shi ne wanda ya ƙera yana kusa ranar da ya tsaya. Sharaɗina biyu ne: duk inda abinci zai taɓa ya zama ƙarfen da ba ya tsatsa, ba baƙin ƙarfe da aka shafa wa fenti ba, kuma bel da duk abin da ke juyawa a yi masa murfi, saboda hannun riga da gefen hijabi da mayafi. A koya wa kowa cire filogi kafin sa hannu ciki, ba kashe makunni kawai ba.

Game da yaran shago, ina roƙon masu sana'a kar tunanin farko ya zama wa zan sallama. Injin nan yana buƙatar mutum ɗaya da ya san shi ciki da waje, mai saita shi, mai wanke shi, mai jin sautinsa ya gane yau akwai matsala. Ka zaɓi mai natsuwa a cikinsu ka koya masa, ka koya wa na biyu don ranar da na farko ba ya nan, ka manna jadawalin wanki a bango ana sa hannu. Kuma kar ka kyautar da butarka da murhunka da tukwanenka, ranar da inji ya tsaya da su zaka ci gaba da ciniki.

Ranar biyan kuɗi

Ka je da ruwanka da ƙwayarka ko kayan girkinka a gwada a gabanka, ba sau ɗaya ba, a jere kamar goma, ka ga ko zafi yana sauka ko ruwa yana yoyo ta ƙasa. Idan na hannu ne, yawancin masu niƙa da kansu suna da ƙirgen kofunan da suka taɓa haɗawa a cikin saiti, ka ce a nuna maka, ka zaro akwatin gari ka duba robobinsa ko sun tsage, ka leƙa ma'ajin ƙwaya ka sansana ko yana warin tsohon mai. Ka tambayi mai kaya wa ke gyara irinsa a garin nan, ka karɓi lambar mutumin ka kira shi a nan take ka tambaye shi ko yana samun famfo da robobi da allon wuta na wannan samfurin, kuma kwana nawa suke ɗauka kafin su iso. Garanti a rubuta shi a rasit da kwanan wata da lambar injin, a haɗa maka da littafinsa, idan babu ka ɗauki hoton lambar samfurin ka sauke shi daga intanet kafin ka bar shagon.